Gasar Stanford 20/20: Yadda dukiyar mutum ɗaya ta tayar da wasan kurket, ta kuma kayar da shi

Stanford 20/20 gasar kurket ce ta ƙasashe da tsibiran yankin Karibiyan, wadda attajirin nan ɗan jihar Texas ta Amurka, Allen Stanford, ya ƙirƙira kuma ya ɗauki nauyinta. Sau biyu kacal aka buga ta, a 2006 da 2008, a filin wasan da ya gina kusa da filin jirgin saman tsibirin Antigua. Manufar da aka bayyana ita ce farfaɗo da wasan a yankin da ya taɓa zama zakaran duniya.

Dalilin kafa ta

Ƙasashen Karibiyan masu amfani da Turancin Ingilishi suna fitar da tawaga ɗaya ce mai suna West Indies. Ita ta lashe Kofin Duniya na farko a 1975, ta sake ɗauka a 1979, kuma daga 1980 zuwa 1995 babu ƙasar da ta doke ta a jerin manyan wasannin da ake kira Tes. Bayan haka tauraronta ya dusashe: hukumar wasan ta yi fama da ƙarancin kuɗi, rigingimun albashi suka yawaita, 'yan kallo suka ja baya.

Stanford ya ga cewa maganin yana cikin gajeren salon da aka fara a Ingila a 2003, wato T20. Wasan Tes yakan kai kwana biyar, amma a T20 kowane ɓangare jifa 120 kawai ake yi masa, wato rukuni 20 na jifa shida-shida, a tashi cikin kamar awa uku. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai iya rufe harkarsa da yamma, ya kalli wasa har ƙarshe, ya kwana a gida.

Yadda aka buga ta

A gasar farko, tsakanin Yuli da Agustan 2006, tawagogi 19 ne suka fafata bisa tsarin wanda aka doke ya fita. Jimillar abin da Stanford ya ware ya kai Dala miliyan 28, ciki har da tallafin da aka bai wa hukumomin ƙasashen domin horo da gyaran filaye. Ya kuma jawo tsofaffin gwanaye irin su Garfield Sobers da Viv Richards suka zama jakadun gasar. Guyana ta doke Trinidad da Tobago a wasan ƙarshe, ta karɓi Dala miliyan 1. A 2008 kuwa Trinidad da Tobago ce ta yi nasara a kan Jamaika.

Gasar ta amfani ƙananan tsibirai irin su Nevis da Montserrat, waɗanda 'yan wasansu ba su saba fitowa a talabijin ba. A nan ne kuma duniya ta fara sanin Kieron Pollard, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin West Indies.

Wasan Dala miliyan 20

A watan Yunin 2008 Stanford ya sauka da jirgi mai saukar ungulu a filin Lord's na Landan, aka baje kolin akwatin kuɗi a gaban 'yan jarida, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da hukumar kurket ta Ingila. Ranar 1 ga Nuwamba, zaɓaɓɓun 'yan wasansa ƙarƙashin Chris Gayle suka kara da Ingila a kan Dala miliyan 20. Maki 99 kawai Ingila ta samu, aka lallasa ta, kowane ɗan wasan da ya buga wa masu nasara ya tashi da Dala miliyan 1.

Rushewa

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Fabrairun 2009 hukumar da ke sa ido kan hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta tuhume shi da zamba. Bincike ya nuna cewa bankinsa na Antigua yana biyan tsofaffin masu ajiya ne da kuɗin sababbi, salon da 'yan Najeriya suka ɗanɗana kuɗarsa lokacin da MMM ta rufe asusun jama'a a Disamban 2016. A 2012 kotu ta same shi da laifin damfarar kusan Dala biliyan 7, ta yanke masa ɗaurin shekara 110. Gasar ta mutu nan take, domin ba ta da wata kafa da ta tsaya a kai sai aljihunsa.

Sai dai salon bai mutu ba. Hukumar yankin ta shirya tata gasar daga 2010, sannan a 2013 aka fara Caribbean Premier League, wadda masu zuba jari da dama ke riƙe da ƙungiyoyinta. West Indies ta lashe Kofin Duniya na T20 a 2012 da 2016. Filin Stanford kuwa yanzu sunansa Coolidge.

Abin lura ga Arewa

Kurket ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, sun buga shi tare da wasan fayis, kuma Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana cikinsu. Daga baya ƙwallon ƙafa ta shafe shi a yawancin makarantu. A 'yan shekarun nan kuma ya soma motsi: kamfanin PwC yana ɗaukar nauyin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta ƙasa, kuma a Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a Kofin Duniya na T20 a Malesiya.

Duk wanda zai shirya irin wannan gasa a Katsina, Kano ko Zariya, tarihin Stanford ya bar masa tambayoyi uku. Daga ina kuɗin mai ɗaukar nauyi suke fitowa? Nawa ne zai tafi ga filaye, kayan wasa da masu horarwa a makarantu, nawa ne ga kyautar dare ɗaya? Sannan idan attajirin ya janye gobe, wane ne zai biya kuɗin gasar baɗi?