Tsirkiya da Lantarki: Tarihin Neman Ƙarar Jita

Tsirkiya ba ta iya ja da fata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin biki a Ikara, ko Hunkuyi, ko wani ƙauyen Makarfi ya san haka: da zarar masu kalangu sun ɗauka, mai garaya ko mai kukuma sai dai a ga hannunsa yana motsi, na kusa da shi kaɗai ke jin abin da yake kaɗawa. Makaɗan Hausa sun daɗe da yi wa wannan matsala dabara. Suna ɗaura ɗan faifan ƙarfe mai zobba, wanda ake kira ceba, a ƙarshen sandar garaya ko molo, ta yadda duk bugun tsirkiya zai zo da ɗan kaushi da zai ratsa hayaniya. Wannan matsala ita ce ta haifi jitar lantarki a Amurka, kuma wannan kaushin shi ne daga baya makaɗan duniya suka yi ta kashe kuɗi suna nema.

A shekarun 1920 jita ba ta da wata daraja a manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka, domin ƙahonni da ganguna suna danne ta. A 1931 George Beauchamp ya haɗa wata jita mai kama da kaskon suya, ya sa mata abin da ya zama tushen komai, wato maɗaukin sauti. Kamfanin da ya kafa da Adolph Rickenbacker ya fara sayar da ita a 1932. Gibson ya fito da tasa, ES-150, a 1936, kuma da ita Charlie Christian ya nuna cewa jita za ta iya jan ragamar kiɗa kamar kowane ƙaho.

Maɗaukin sauti ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar tagulla wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba, zagaye dubu bakwai ko takwas, aka ajiye shi ƙarƙashin tsirkiyoyi. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a saman maganaɗisun, sai ta tayar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, wadda take hawa da sauka daidai da girgizar. Wutar kaɗan ce ƙwarai, yawanci ba ta kai bolt ɗaya ba. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan 'yar wuta ta ninka ta har ta iya tura lasifika. Sharaɗi guda ne: dole tsirkiyar ta zama ta ƙarfen da maganaɗisu ke ja. Wannan sharaɗi zai yi tasiri a kan abin da ya faru a ƙasar Hausa.

Amfilifaya tana da sashe biyu. Na gaba shi ke karɓar saƙon jita ya fara ɗaga shi, na baya kuma shi ke ba shi ƙarfin da zai girgiza lasifika. Kowace amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Idan aka tura mata fiye da haka, sai ta yi abin da mai awo yake yi a kasuwa idan ya sa hannu ya share tozon mudu: abin da ya haura baki a zubar da shi. Sautin da aka share wa tozo ba ya fita garau. Yana zuwa da kaushi da gurnani, kuma yana daɗewa kafin ya mutu, har tsirkiyar da aka taɓa sau ɗaya ta riƙa jan murya kamar goge. Injiniyoyin farko sun ɗauki wannan a matsayin aibi, suka yi ta ƙoƙarin kawar da shi. Makaɗa kuwa kunnensu ya gaya musu wani abu dabam.

Yawancin labaran farko na wannan sauti labaran ɓarna ne. A 1951, a birnin Memphis, ƙungiyar Ike Turner ta ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar da lasifikarta ta lalace a hanya. Aka cusa mata takarda, mai jita Willie Kizart ya kaɗa a haka, mai ɗakin ɗaukar sauti Sam Phillips ya ce a bar shi. A 1958 Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir don kiɗan "Rumble", wanda wasu gidajen rediyo suka ƙi sakawa duk da babu kalma ko ɗaya a cikinsa. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya tsaga tasa da reza. Amma lasifikar da aka tsaga ba ta komawa daidai, kuma ba kowa ke da kuɗin sayen wata ba.

Mafita ta fito daga wani kuskuren. A Nashville, wajen ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, wani sashe na na'urar haɗa sauti ya sami matsala, kiɗan Grady Martin ya fito da zuga kamar ta zuma. Waƙar ta karɓu. Injiniya Glenn Snoddy ya zauna ya haɗa ɗan akwati mai taransista da zai riƙa yin wannan zuga da gangan, kamfanin Gibson ya fara sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Bai yi kasuwa ba sai a 1965, lokacin da Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da shi a "Satisfaction". Irin wannan akwati shi ne feda. Ana ajiye shi a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, a taka shi da ƙafa tunda hannaye biyu suna kan aiki, kuma yawancinsu ƙaramin batiri mai bolt 9 ya ishe su.

Daga nan neman ƙarfi ya rabu hanya uku. Ta farko ita ce a ƙara wa maɗaukin sauti kansa ƙarfi. Seth Lover na Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu, wanda ya shiga kasuwa a 1957. Nufinsa shi ne kashe gunjin wutar lantarki da mai naɗi ɗaya ke kwasowa, amma sai aka ga yana fitar da saƙo mai kauri. A farkon shekarun 1970 Larry DiMarzio ya fara sayar da wanda aka ƙara wa naɗi musamman don ya cika amfilifaya ta tumbatsa. Kowace riba da kuɗinta: yawan naɗi yana ƙara ƙarfi, amma yana cinye zaƙin sama na sautin.

Hanya ta biyu ita ce feda mai turawa. Wannan ba ta yin kaushin da kanta, ɗaga saƙon kawai take yi ta danna shi cikin amfilifaya har ita amfilifayar ta yi gurnanin. Dallas Rangemaster ta Ingila, mai taransista ɗaya tak, ta fito a tsakiyar shekarun 1960, kuma da irinta Rory Gallagher da Tony Iommi da Brian May suka gina sautinsu. Mike Matthews ya fito da LPB-1 a New York a 1968. Japan ta shigo da Boss OD-1 a 1977, sannan koriyar Tube Screamer ta Ibanez a 1979, wadda hikimarta ita ce ta rage kaurin ƙasa kafin ta tura, don kada sautin ya zama kunu. Hanya ta uku ita ce a sake gina amfilifayar. Jim Marshall ya fara ƙera nasa a Landan a 1962, Randall Smith na Mesa Boogie a Kalifoniya kuma ya jera matakan ɗagawa, wannan na zuba wa wancan, ya sa maɓalli dabam na ƙarar fita. Da haka mutum zai iya samun gurnani a cikin ɗaki ba tare da ya tashi unguwa ba.

Najeriya ba ta yi latti ba. Makaɗan juju na ƙasar Yarabawa sun fara sa wa jita lantarki tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma lasifika ce ta ba su damar ƙaro ganguna ba tare da an binne murya ba. Victor Uwaifo na Benin ya yi tashe da "Joromi" a 1965. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samari a Legas da gabashin ƙasar, irin su BLO da Ofege da The Funkees, sun rungumi feda mai zuga suna bin sawun Jimi Hendrix. A Arewa ma akwai masu kiɗan zamani. Bala Miller, ɗan gidan Miller na Zariya, ya jagoranci babbar ƙungiya mai jita da ƙahonni tana waƙa da Hausa, Bongos Ikwue kuma ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai wannan kiɗa ya tsaya a kulob da otal da harabar makaranta da gidan talabijin. Bai sauka filin biki ba.

Abin da ya sauka filin biki shi ne makirfo da lasifika mai bakin ƙaho, da amfilifayar da ake jona wa batirin mota. Akwai dalilai na al'ada, domin kiɗan Hausa na waƙa ne da amshi, kuma kalma ake saurare kafin kiɗa. Akwai kuma dalili na ƙira. Tsirkiyar goge da ta kukuma izgar doki ce, ta garaya da gurmi kuma a da jijiya ce ko fata, yanzu galibi zaren roba. Maganaɗisu ba ruwansa da ko ɗaya. Saboda haka mai kukuma irin Hassan Wayam na Zariya ko Garba Supa, da mai gurmi irin Haruna Uje, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa na gwangwanin kifi, duk hanyarsu ɗaya ce, a kara makirfo kusa da ƙoƙon. Makirfo kuwa ba ya zaɓe. Yana kwasar tsirkiya, ya kwashi kalangu, ya kwashi abin da lasifika ta fitar ya mayar mata, shi ya sa da an murɗa ƙara sai ka ji ta ƙwala ihun da ke sa jama'a toshe kunne. Mai jitar lantarki yana iya horar da wannan ihu ya zama kiɗa, kamar yadda Hendrix ya yi. Mai goge ba shi da wannan dama.

Lokacin da kiɗan Hausa ya koma na lantarki gadan-gadan, a shekarun 1990 tare da finafinan Kano, fiyanon Yamaha ce ta gaje wurin. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki zai fitar da ganga da sarewa da jita duka daga na'ura guda, babu sayen tsirkiya, babu biyan mutum biyar. A lissafin kasuwa, babu yadda jita za ta yi nasara.

A ƙetaren iyaka labarin ya sha bamban. Abzinawan da fari da gudun hijira suka kai Aljeriya da Libiya sun ɗauki jita a ƙarshen shekarun 1970, ƙungiyar Tinariwen ta zama uwa a wannan salo. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ya yi fice, kaset-kaset ɗinsa suna yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990. Bayan sulhun 1995 jitar ta fito fili, ta zama kiɗan biki a Agadas, garin da Hausa ce harshen kasuwarsa. Kayan aikin ba na alfarma ba ne: ƙaramar amfilifaya mai batiri ko janareta, a murɗe ta har ƙarshe don na bayan taro su ji. Kaushin da Turawa ke saya da feda, a nan rashin babbar amfilifaya ne ya kawo shi, kunne kuma ya saba har ya zama shi ake so. Daga wannan fili Bombino ya fito. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin kamfanin Sahel Sounds ya kai ɗaya daga ciki Amurka. Yau yana cikin masu jitar da ake ji da su a duniya, da jerin fedoji a gabansa. A Yamai kuma Tal National suna kaɗa jita suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar.

Wasu makaɗan gargajiya na Afirka sun samo wa kayansu hanya. A Kinshasa, Mingiedi Mawangu na Konono No. 1 ya naɗa nasa maɗaukin sautin da maganaɗisun tsofaffin motoci, ya sa wa likembe, wadda harsunanta na ƙarfe ne. A Mali, Bassekou Kouyate ya jona ngoni, 'yar'uwar molo, da amfilifaya da feda. Ga kayan da ba su da tsirkiyar ƙarfe akwai wani maɗauki dabam, ɗan faifai mai faɗin kwabo da ake liƙawa a jikin ƙoƙo ko ƙarƙashin jakin tsirkiya. Shi girgizar jiki yake ji ya mayar da ita lantarki, don haka izga da roba duk ɗaya ne a wurinsa.

A Ikara da Makarfi da Kudan a yau, kayan sauti sana'ar masu haya ce, waɗanda ke ɗora manyan lasifikoki da janareta a kan a-kori-kura zuwa biki ko wa'azi ko taron siyasa. Jitar lantarki an fi ganinta a coci-coci, da hannun ɗaiɗaikun samari masu koyo ta waya. Wanda ya mallake ta a nan yana fama da abin da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Duk abin da ya ninka saƙon tsirkiya yana ninka gunjin janareta da na wayar da ba a binne mata ƙafa a ƙasa ba, don haka feda mai ƙarfi a kan wuta marar kyau ƙugi kawai take ƙarawa. Amfilifayar gwanjo da aka ƙera don bolt 120 na Amurka kuma, idan aka jona ta kai tsaye da wutar nan mai bolt 230, hayaƙi za ta yi kafin a taɓa tsirkiya. Shi ya sa masu gyaran rediyo sukan fara duba bayan akwatin su karanta abin da aka rubuta kafin su nemi soket.