Lafazi ko Manufa: Shari'ar Hijabi a Legas da Karatun Tsarin Mulki

Duk wanda ya zauna a Ogba ko Agege a shekarun baya ya san abin da ake gani da sassafe a ƙofar wasu makarantun gwamnati. Yarinya za ta raɓe gefen katanga, ta cire hijabinta, ta ninke, ta cusa cikin jakar littattafai, sannan ta shiga. In an tashi ta ciro ta mayar. Wannan ɗan ƙyalle ya kai Jihar Legas har Kotun Ƙoli, ya kuma farfaɗo da tsohuwar muhawarar masana doka: a tsaya kan lafazin tsarin mulki yadda aka rubuta shi, ko a bar ma'anarsa ta riƙa tafiya da zamani? Almajirin fiƙihu ba baƙo ba ne a nan, don ya san saɓanin masu riƙon zahirin nassi da masu duban maƙasudinsa.

Galibi ana ɗauka cewa mai bin lafazi shi ne mai ƙuntatawa, mai bin zamani kuma shi ke buɗe ƙofa. Shari'ar Legas ta nuna ba kullum ba ne. A Oktoban 2014 Mai Shari'a Modupe Onyeabo ta Babbar Kotun Ikeja ta goyi bayan haramcin sa hijabi a makarantun gwamnati, bisa hujjar cewa sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya mai da Nijeriya ƙasar da ba ruwanta da addini. Amma abin da sashen ya hana shi ne gwamnati ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma. Bai ambaci suturar ɗaliba ba. Sashe na 38 kuwa ya fito ɓaro-ɓaro: kowa na da 'yancin bayyana addininsa a ibada da koyarwa da aikatawa, a ɓoye ko a bainar jama'a. Ashe kotun ce ta ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba, irin fahimtar da Faransa ta bi a dokarta ta 2004.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a Yulin 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka ranar 17 ga Yunin 2022, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun, 'yar Legas, ita ta rubuta hukuncin masu rinjaye.

Ban ce lafazi kaɗai ya wadatar ba. Tun 1980, a shari'ar Nafi'u Rabi'u da Jihar Kano, Mai Shari'a Udo Udoma ya kafa ƙa'idar cewa ba a karanta tsarin mulki kamar ƙaramar doka. In kalma ta ɗauki ma'ana biyu, a fifita mai faɗi, muddin sauran nassin bai nuna akasin haka ba. Ina tare da shi, amma da sharaɗi: faɗaɗawar ta zama ta haƙƙin ɗan ƙasa. Ikon gwamnati na tauye haƙƙi, wanda sashe na 45 ya ba ta saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, shi ya kamata a matse wa linzami. Hukuma ta kawo hujja ƙwaƙƙwara cewa hijabin 'yar shekara goma sha biyu na barazana ga ɗaya daga cikin waɗannan. Son ganin kayan makaranta iri ɗaya bai kai wannan matsayi ba.

Akwai ɓangaren da mu Hausawan Legas ba mu cika son tattaunawa ba. A nan mu ne marasa rinjaye, shi ya sa hukuncin ya yi mana daɗi. To sashe na 38 ɗin nan, a ƙaramin sashensa na biyu, ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko hidimar addinin da ba nasa ba ne, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Karatun tsarin mulkin da ya kare 'yar Agege shi ne ke kare yarinya Kirista a makarantar gwamnati a Sabon Garin Kano ko Gusau, kuma idan ranar shari'arta ta zo, da shi za a yi mana hukunci.