Wa Ke Riƙe da Mabuɗin? Tarihin Fitar Ɗaliban Nijar Karatu a Ƙasashen Waje

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, hira ɗaya ce a kowace fada daga Tawa har Damagaram: wane ya aika dosiye Maroko, wance tana jiran amsar Turkiyya, wani kuma yayansa ya ce ya taho Kwatano. Masu sibar da masu fotokopi su samu kasuwa, a yi ta layi a meri ana buga hatimi kan takardar haihuwa da takardar maki. Da yawanmu mun ɗauka wannan fafutuka intanet ne ya kawo ta. Gaskiyar magana, mutanen ƙasar nan sun yi ƙarnoni suna barin gida don karatu. Abin da ke sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda ke yanke shawarar wa zai tafi, ina zai tafi, kuma wa zai biya. Wannan tambaya za mu bi, ƴan uwa ɗalibai, don amsarta ta shafi dosiyen da ke hannunmu yau.

Zamanin allo da ijaza

Kafin zuwan Nasara, almajiri shi ke zaɓen malaminsa. In ya ji labarin wani shehi ya ƙware a fiƙihu ko nahawu, sai ya ɗauki buzu da gora ya bi ayari. Agadas, Katsina, Kano, Barno, Tumbutu, waɗannan su ne jami'o'in wancan lokaci, kuma babu iyakar da ake tsayar da mutum a nemi fasfo. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masaukin ɗalibai a Alƙahira. Wani Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, ya yi karatu a yankin Barno da Bagirmi, ya wuce hajji, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, shi ma ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas don karatu. Da malamin ya ɗaura niyyar hajji, Shehu bai bi shi ba, ya komo gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ka ga ke nan mabuɗi biyu ne a wancan zamani: yardar uba da yardar malami. Diplom ɗin kuwa ita ce ijaza, wadda ke nuna wa ya karantar da kai, shi kuma wa ya karantar da shi. Sunan malaminka shi ke buɗe maka zauren malami na gaba.

Zamanin kumandan

Da Faransawa suka kama ƙasa, suka kafa lakkwal, sai mabuɗin ya koma hannun kumandan. Da fari ma kamen yara ake yi, iyaye na ɓoye ɗiyansu a rumbu, wasu sarakuna na tura ɗiyan barori a madadin nasu. Yaron da ya yi ƙoƙari a makarantar gari sai a wuce da shi ta yanki, daga nan ƴan ƙalilan su ci konkur ɗin shiga William Ponty a Senegal. Wannan makaranta ta zauna a tsibirin Gore daga 1913, aka maida ta Sebikotan a 1938, shekarar da aka buɗe ta ƴan mata a Rufisk. Malaman makaranta da akawuna take horarwa, sai masu shirin shiga makarantar likita ta Dakar. Ba a tambayar yaro me yake so. Abin da mulkin mallaka ke buƙata shi za ka karanta, kuma sai ka sa hannu a kan za ka yi wa gwamnati aiki shekara goma.

Bubu Hama ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya isa Ponty, ya fito a 1929, ya zama mushe na farko ɗan Nijar da makarantar ta yaye. Jori Hamani da Jibo Bakari su ma can suka yi. Abin lura a nan: makarantar da aka gina don samar da masu yi wa Nasara hidima, ita ce ta haɗa ƴan Nijar da ƴan Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da ƴan Dahomey da ƴan Gine a ɗaki ɗaya, suka san juna, suka koma gida suka kafa jam'iyyun neman ƴanci. Wanda ya buɗe ƙofa ba shi da iko kan abin da ɗalibi zai gano a bayanta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara barin ƴan Afirka da yawa su wuce Faransa kanta. Babban misalinmu Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi Damagaram, Yamai, Ponty, Dakar, sannan Paris, inda ya ci konkur ɗin agregasiyon a fannin fizik a 1956. Yana cikin jagororin FEANF, ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka a Faransa da aka kafa a 1950. Ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa kan makamashin rana, ya yi aiki a Bamako, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, sannan ya komo gida a 1969 ya shugabanci ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana. Ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar ke ɗauke da shi yau.

Zamanin burs

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴanci ba ta da jami'a ko ɗaya. Duk wanda ya ci bak dole ya fita: Dakar, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1957, ko Abijan, ko Faransa. Gwamnati ce ke raba burs, ita ke cewa kai likita, kai injiniya, kai malamin lise. Masu bak kaɗan ne, ƙasa na ƙishin ma'aikata, saboda haka wanda ya komo da diplom aiki na jiransa. Yaƙin cacar baka ma ya ƙara ƙofofi: a 1960 Mosko ta buɗe jami'ar da aka sa wa sunan Patrice Lumumba, ƙasashen Larabawa kuma suna ɗaukar ɗaliban Arabiyya, musamman Azhar.

To amma zaman gidan wani yana da sharaɗi. A watan Mayu 1968 ɗaliban Dakar suka shiga yajin karatu kan rage burs. Gwamnatin Senghor ta tura jami'an tsaro cikin jami'a, ta rufe ta, ta kwashe ɗalibai baƙi ta maida su ƙasashensu. Wanda ya saura wata ɗaya ya rubuta jarabawa, sai ga shi a gida hannu rabbana. Irin wannan ne ya ƙara nuna wa ƙasashenmu cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A 1986 kuma Jami'ar Musulunci ta Say ta fara aiki, ɗaliban wasu ƙasashe suka soma zuwa wurinmu.

Daga nan kuɗi suka fara yankewa. Farashin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, masu ba da bashi suka matsa a tsuke bakin aljihu, burs ya zama abin da ake bin bashinsa wata da watanni. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai ƙarƙashin USN suka fito maci, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ɗaliban Afirka da ke can suka shiga halin ni ƴasu. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Uban da ke aika wa ɗansa kuɗi Faransa ya wayi gari nauyinsa ya ninka cikin dare ɗaya.

Zamanin dosiye

Yau mabuɗin ya rarrabu. Har yanzu akwai burs ɗin haɗin gwiwa da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya, wanda ke bi ta hannun gwamnati da ANAB. Akwai wanda ɗalibi ke nema da kansa ta intanet, kamar na Turkiyya. Akwai kuma masu zuwa da kuɗin iyaye: Kwatano, Lome, Dakar, Tunis, ko su tsallaka Sakkwato, Kano da Zariya in Ingilishi bai gagare su ba. A fuska wannan ƴanci ne, tunda babu kumandan da zai zaɓa maka. Sai dai duk nauyin da gwamnati ke ɗauka a da ya faɗo kan ɗalibi da gidansu: fasfo, fassarar takardu, jarabawar harshe, kuɗin dosiye, shaidar banki, biza.

Mu ɗauki Faransa, tunda ita ce tsohuwar hanya. A 2019 ta ɗaga kuɗin rajistar baƙin da ba ƴan Tarayyar Turai ba, daga yuro 170 zuwa 2,770 a shekara ga lisans, daga 243 zuwa 3,770 ga mastar, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wa ɗalibai ƙarin. Yuro 2,770 ya haura sefa miliyan 1 da jika 800. Ban da wannan, a wancan lokaci mai neman biza sai ya nuna yana da yuro 615 kowane wata, wajen jika 400 ke nan. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: dangantaka ta lalace, Faransa ta tsayar da ba da biza, a Janairu 2024 ta rufe ambasad ɗinta na Yamai. Akwai waɗanda jami'a ta karɓa, takardar tana hannu, amma hanya ta toshe. Haka yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a 2023 suka koro dubban ɗaliban Afirka a tsakiyar karatu. Labarin Dakar na 1968 ne ya sake dawowa da wata riga.

A gida kuma abubuwa sun motsa. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou, Djibo Hamani, mutanen da jami'o'i ukun farko ke ɗauke da sunayensu, duk sun yi karatu a waje suka komo suka karantar. Kuma a Maraɗi yau ƴan Nijeriya ne ke tsallako iyaka zuwa jami'o'in kuɗi. Mu ma ƙasar waje ce ga wani.

Abin da za mu riƙe

Na farko, ƙofar waje siyasa ke buɗe ta, siyasa ke rufe ta, makinka ba ya hana a rufe. Saboda haka wanda ke aika dosiye waje ya yi rajista a gida ma, kada shekara ta tafi a banza yana jiran amsa. Na biyu, ijaza tana nan da ranta: kafin ka biya ko dala, bincika ko ƙasar da makarantar take ta amince da ita, kuma ko za a karɓi diplom ɗinta in ka komo. CAMES, hukumar da shugabannin Afirka suka yanke shawarar kafawa a taron Yamai na 1968, tana da jerin diplom ɗin da ta amince da su. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka burs ta bayan gida, ka tambaye shi sunan jami'ar, ka rubuta musu da kanka.

Na uku shi ne mafi nauyi. Ɗan Ponty dole ce ta sa shi komowa, ya sa hannu kan shekara goma. Ɗan zamanin burs aiki ne ke jiransa. Mu kuwa, mafi yawanmu babu takardar da ta ɗaure mu, babu kuma ofishin da ke jiranmu. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abdu Mumuni yana da diplom ɗin da zai zaunar da shi Paris har ƙarshen ransa, amma ya zaɓi fannin da ƙasar rana ke buƙata, ya komo da shi. Kafin ka cika layin da ke tambayar fannin da kake so, ɗan'uwa, ƴar'uwa, ka tambayi kanka wace matsala ta garinku wannan karatu zai warware: rijiya, asibiti, gona, ko aji mai yara ɗari babu malami.