Mudu da Nasiha: Tarihin Ma'aunan da Ake Iya Ba da Shaida a Kansu

Tun zamanin da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, mahukunta sun san kasuwa ba ta zama lafiya sai da mai sa ido. Littattafan shugabannin jihadi sun ambaci hisba cikin muƙaman mulki, kuma daga cikin ayyukan muhtasibi akwai duba mudu da sikeli. Yana iya ɗaukar mudun mai hatsi ya gwada da wanda aka amince da shi, ya yanke hukuncin ya cika ko an tauye. Amma nasihar da malamai ke yi wa ɗan kasuwa, cewa ya zama mai rangwame da sauƙin hali, ba ta da abin awo. Wannan tsohon bambanci tsakanin sharaɗi da nasiha shi ne ya raba ma'aunan tsarin gudanarwa na zamani gida biyu.

Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta fara aiki a 1947, kuma hedikwatarta tana Janiba. Da farko hankalinta yana kan kaya ne, kamar zaren kusoshi da awon sassan injuna. Tunanin auna yadda ake tafiyar da kamfani ya taso daga sayayyar kayan soja. A 1959 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da MIL-Q-9858, wanda ya wajabta wa 'yan kwangilarta su nuna tsarin da suke bi wajen tabbatar da inganci. Birtaniya ta shigar da wannan tunani cikin masana'antun farar hula da BS 5750 a 1979, kuma a kansa ISO ta gina jerin ISO 9000 a 1987.

Tun daga wannan fitowa ta farko an raba aiki. ISO 9001 da 9002 da 9003 sun ƙunshi sharuɗɗa, ISO 9004 kuwa shawarwari. A 2000 aka dunƙule ukun farko suka koma ISO 9001 kaɗai. Sauran fannoni suka bi wannan sawu: ISO 14001 na muhalli a 1996, tare da abokinsa na shawara ISO 14004, ISO 22000 na lafiyar abinci da ISO/IEC 27001 na tsaron bayanai a 2005, ISO 45001 na lafiya da kariyar ma'aikata a 2018. ISO tana kiran masu sharuɗɗa nau'in A, masu shawarwari nau'in B. Na farkon kaɗai ake ba da takardar shaida a kansu.

Dalilin yana cikin lafazin takardun. Inda aka rubuta "shall" ana nufin wajibi, inda aka rubuta "should" ana nufin abin da aka so a yi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san tazarar da ke tsakanin farilla da mustahabbi. Idan ma'auni ya wajabta wa kamfani ya riƙa binciken cikin gida ya kuma ajiye shaidar hakan, mai tantancewa zai nemi takardun, ko suna nan ko babu. Idan kuwa shawara ce aka bayar, wanda ya bar ta bai karya komai ba, don haka babu abin da za a ce ya cika.

Ruɗani ya ƙaru da fitowar ISO 31000 kan tafiyar da haɗura a 2009, da ISO 26000 kan haƙƙin al'umma a wuyan kamfani a 2010. Sunayensu suna da armashi, amma dukansu jagora ne. ISO 26000 ma ya faɗa a cikin kansa cewa ba a yi shi don ba da shaida ba. Kamfani yana iya cewa yana bin koyarwarsu, yana iya auna kansa da su, sai dai takardar da ta ce an tantance shi a kansu ba ta da tushe.

A Nijeriya, dokar da ta kafa hukumar ma'aunai ta ƙasa, wadda yau ake kira SON, ta fito a 1971. A lokacin kamfanin siminti na Kalambaina, a gefen Sakkwato, ya riga ya fara aiki tun 1967. Buhun siminti misali ne mai kyau na wani bambancin da ake mantawa. Alamar NIS da ke jikin buhu tana magana ne kan abin da ke cikinsa. Shaidar ISO 9001 kuwa tana magana kan yadda ake tafiyar da masana'anta, shi ya sa ƙa'ida ta hana a buga alamarta a jikin kaya kamar su aka gwada.

ISO da kanta ba ta ba kowa takardar shaida. Kamfanoni da hukumomin tantancewa ne ke bayarwa, su ma akwai hukumomin da ke tabbatar da cancantarsu bisa ISO/IEC 17021-1. Takardar takan yi shekara uku, ana kuma komawa dubawa kowace shekara.

Saboda haka jami'in sayayya a ma'aikata, ko a asibiti, ko a jami'a, idan ɗan kwangila ya miƙa masa takarda mai hatimi, tambayoyi huɗu sun ishe shi. Lambar ma'aunin ta masu sharuɗɗa ce? Wa ya bayar, kuma wa ya tabbatar da mai bayarwar? Wane reshe da wane aiki ta ƙunsa? Wa'adinta bai ƙare ba? Kwangilar da aka bayar bisa takardar da ta kasa amsa tambaya ta farko, an bayar da ita ne bisa alƙawarin da babu wanda ya duba, kuma kuɗin jama'a ne zai biya.