Yadda ake gwada dunƙulallen harsashi a bindigar farauta mai sumul ciki

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai maharban da kan ɗura wa kansu harsashi a gida, sannan su tafi filin harbi domin auna abubuwa biyu: ko harsashin na zuwa inda aka yi bara, da kuma irin naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Sau da yawa waɗannan abubuwa biyu ba sa ga maciji da juna.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce ta harbin tsuntsaye, wadda cikin bututunta yake sumul, ba shi da murɗaɗɗiyar tsagar nan da ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa a bindigar raifal. An ƙera ta ne domin ta watsa ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa. To amma idan aka zo batun barewa ko aladen daji, sai a sa mata curin dalma guda ɗaya, wanda a bindiga mai lamba 12 yawanci nauyinsa gram 28 ne. Ita wannan lamba tsohon lissafi ne na Turawan Ingila: idan aka raba laba ɗaya ta dalma zuwa ƙwallaye 12 daidai wa daida, faɗin kowane ƙwallo shi ne faɗin bututun, wato kimanin milimita 18.5.

Asalin harsashin

Wani maƙerin bindigogi Bajamushe mai suna Wilhelm Brenneke ne ya fito da samfurin da ya yi suna a shekarar 1898. Ya ɗaure matoshi mara nauyi a bayan curin dalmar, ta yadda za su tashi tare har zuwa jikin dabba. A 1931 kuma Karl Foster ya ƙera nasa a Amurka, mai kai a cike da gindi rarake kamar ƙoƙo.

Dabarar dai guda ce. Tun da harsashin ba ya juyawa, abin da ke hana shi tuntsurawa a iska shi ne nauyin da aka tara masa a gaba, kamar dai kibiya mai kan ƙarfe da kyauro mara nauyi. Galibin waɗannan harsasai na da wasu karkatattun layuka a jiki, kuma mutane da dama sun ɗauka su ne ke murɗa harsashin. Juyin da suke kawowa kaɗan ne ainun. Babban amfaninsu shi ne suna lanƙwashewa, su ba curin damar wucewa ta bakin bututun da aka matse ba tare da ya yi masa lahani ba.

Doka ce ta raya wannan harsashi. Shekara da shekaru jihohin Amurka masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan jama'a, irin su Ohio da Ilinoi da Iowa, sun hana farautar barewa da raifal, bisa tunanin cewa curin dalma ba ya yin nisa sosai. A Japan kuwa, bisa ƙa'ida sai mutum ya riƙe bindigar harbin tsuntsaye shekaru 10 kafin a ba shi lasisin raifal na farauta.

Me ya sa ake ɗurawa a gida?

Dalili na farko kuɗi ne, domin harsashin kamfani na da tsada ga mai son yin atisaye da yawa. Na biyu kuwa, kuma mafi muhimmanci, shi ne bindigogi masu sumul ciki na da zaɓe. Harsashin da ya yi kyau a wannan bututu kan iya watsewa a wancan, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

Kamfanonin Amurka irin su Lee da Lyman na sayar da mazubin da ake narka dalma a zuba a ciki. Na Lee kan fitar da curi mai gram 28 ko 25, na Lyman kuma akwai mai gram 34, wanda ke da siririn ƙugu kamar ƙwayar bindigar iska. Ana sanya curin a cikin matoshin roba, a saka a kwanso bisa albarushi, a rufe baki.

A nan haɗarin yake. Ƙungiyar masu ƙera makamai da harsasai ta Amurka, SAAMI, ta ƙayyade cewa matsin da ke cikin bindiga mai lamba 12 ta yau da kullum kada ya wuce laba 11,500 a kan kowane inci murabba'i, alhali raifal ta farauta kan ɗauki har 60,000. Bangon bututun siriri ne, kuma kwanson da aka harba ba ya nuna wata alamar da za a dogara da ita cewa an kusa wuce iyaka. Sauya matoshi kawai, ko ɗan maɓallin da ke kunna albarushin, na iya ɗaga matsin ƙwarai. Shi ya sa littattafan wannan sana'a ke gargaɗin a bi haɗin da aka gwada a ɗakin bincike sau da ƙafa, kada a musanya ko abu ɗaya. Gwajin da maharbi zai yi a fili yana auna bara da naushi ne, ba ya auna matsi.

A filin gwaji

Yawanci akan kafa takardar bara a nisan yadi 50, wato kimanin mita 46. Maharbin kan zauna a teburi, ya ɗora bindigar bisa buhunan yashi, domin a raba kuskuren hannu da kuskuren harsashi. Sai ya yi harbi biyar yana saitin wuri guda, ya auna tazarar da ke tsakanin huji biyun da suka fi nisa da juna. Idan duka biyar suka faɗa cikin faɗin santimita 8 zuwa 10, masana na ɗaukar hakan a matsayin sakamako mai kyau ga bututu mai sumul. Harbi uku ba ya isa shaida, kuma masu taka-tsantsan kan maimaita rukunin sau da dama kafin su yanke hukunci.

Siffar hujin ma labari ce. Zagayayyen huji na nuna curin ya iso da kai, mai tsawo kuma na nuna ya iso a karkace. Wasu kan bi fili suna tsintar matosan da suka faɗi, domin matoshin da ya yage ko ya narke kan bayyana dalilin da ya sa harsashi ɗaya ya kauce wa 'yan uwansa. Kazalika akan kafa na'urar auna gudu a gaban bindiga. Abin da ake nema a wurinta shi ne kusancin alƙaluman da juna, ba girmansu ba.

Curin dalma na saurin gajiya saboda faɗin kansa. Harsashin kamfani mai gram 28 da ya bar bututu da gudun kimanin mita 475 a daƙiƙa kan sauko ƙasa da mita 300 kafin ya kai yadi 100. A tsakanin nan ne yake ratsa gudun sauti, kimanin mita 343 a daƙiƙa, inda iska kan girgiza shi. Don haka galibin maharba ke ɗaukar yadi 75 zuwa 100 a matsayin iyakar wannan bindiga. Bayan nan abin da ya fi yiwuwa shi ne a raunata dabba ta gudu ta mutu a daji.

Lissafin naushi

Naushin bindiga ba sai an ji shi a kafaɗa ake sanin yawansa ba, dokar Isaac Newton ta motsi ta wadatar. Gwargwadon yadda aka tura curi gaba, haka ake tura bindiga baya. Alal misali, curi mai gram 28 da gudun mita 475, a bindiga mai kilo 3.4, zai tura ta baya da gudun kusan mita 4 a daƙiƙa. Ƙarfin wannan duka ya kai jul 26, tun ba a haɗa da nauyin matoshi da hucin albarushi ba, waɗanda ke ƙara shi sosai.

Abin lura shi ne naushin na hawa da sauka fiye da gudun. Idan aka rage gudun curin zuwa mita 400, wato ragin kashi 16 cikin 100, naushin zai sauko zuwa jul 18, ragin kusan kashi 30. Curi mai gram 34 kuwa, ko a gudun mita 400, zai mayar da shi jul 27. Idan bindigar ta kai kilo 4.5, lissafin farko zai koma jul 20, sai dai fa wanda zai yini da ita a kafaɗa cikin daji shi ya san nauyinta.

Teburin gwaji kan tsananta lamarin, domin mai zaune a sunkuye ba ya iya lanƙwasa baya kamar mai tsaye. Bayan harbi goma ko goma sha biyar, mutane da yawa kan fara runtse ido suna fizgar kunama tun kafin ƙarar ta fito. Daga nan sakamakon takarda ya daina zama na harsashi, ya koma na tsoro. Masu horarwa kan gano haka ta hanyar cusa kwanson banza a cikin masu rai ba da sanin maharbin ba. Da ya ja kunama a kan na banza, sai a ga bakin bindiga ya yi ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanoni da kansu suka fito da harsasai masu sauƙin naushi, da gudun kimanin mita 365 a daƙiƙa, waɗanda a hannun maharba da dama sun fi masu zafin taruwa wuri guda.

Dalma da doka

Dalma na narkewa a zafin digiri 327, kuma guba ce, saboda haka ake narka ta a wuri mai iska. Jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun daga watan Yulin 2019. A Birtaniya, lasisin bindigar harbin tsuntsaye bai isa mutum ya riƙe dunƙulallen harsashi ba, sai da takardar izinin da ake ba masu raifal. A Najeriya, inda maharban gargajiya suka daɗe da sanin bututu mai sumul a jikin bindigar toka, dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba.

A can Amurka ma dokar da ta raya curin dalma ta fara sassautawa. Jihar Ohio ta amince da wasu nau'o'in raifal masu gajeren zango a farautar barewa a 2014, Iowa ta bi sahu a 2017, sai Ilinoi a 2023.