Tarihin Fadamar Haɗeja da Nguru

A arewa maso gabashin Nijeriya, inda Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suka shiga tsakanin tuddan rairayi, ruwansu yakan rarrabu rassa-rassa kafin ya sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Wannan wuri shi ne ake kira Fadamar Haɗeja da Nguru. Hausawa da Fulani da Badawa da Barebari sun daɗe suna cin moriyarta, kowa da lokacinsa.

A zamanin da, ruwa yakan cika fadamar wajen watan Agusta da Satumba. Sa'an nan manoma su yi shinkafa, masunta su bi kifi. Idan ruwa ya fara janyewa, sai a bi laima da shukar wake da kayan lambu. Da rani ya kama, Fulani su gangaro da shanunsu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki a gonaki. A daidai wannan lokaci ne kuma tsuntsayen Turai, waɗanda suka ƙetaro Hamada gudun sanyi, suke sauka su tarad da ɗinya da kirinjijiya. Watau rayuwar fadamar duka ta rataya ne a kan abu guda, zuwan ruwa da komawarsa a kan kari.

Wannan tsari ya soma rushewa bayan farin 1972 da 1973. A cikin 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, domin noman rani a Kadawa da kuma shayar da birnin Kano. A 1992 aka ƙara ta Chalawa. Ruwan damina da ya saba malalowa sai aka tsare shi, ambaliya ta ragu, makiyaya ta ƙuntata, har manomi da makiyayi suka shiga tsuke juna a kan ɗan abin da ya saura.

Ganin haka, a 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, da haɗin gwiwar hukuma da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na gida da na waje. Da fari tsuntsaye ne abin kulawarsu. Aka keɓe Dagona ta zama mafakar tsuntsayen ruwa, daga baya ta shiga cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Amma ba a daɗe ba ma'aikatan shirin suka gane cewa hana harbi kaɗai ba ya tsare tsuntsu, muddin tabkin da yake sauka ya ƙafe. Sai suka koma auna ruwa, suna roƙon a riƙa sako shi daga madatsun da damina. A shekara ta 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya kuwa a 2008.

Wata masifar kuma ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Da yake madatsun suna sakin ruwa da rani, waɗansu rassan kogin suka daina bushewa. Nan ciyawar kacala ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru. Ruwa ya karkata ya yi wa yankin Marma da Nguru yawa, ya cinye gonaki da wuraren kiwo, alhali kuwa reshen Burum Gana ya ƙafe. Kacalar ta zama maɓoyar jan baki masu cinye hatsi. Mutanen ƙauyuka suka yi ta fita gayya suna sare ta da hannu, gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa kuma suka taru a Damaturu a 2006, suka kafa asusun gyaran kogin.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, fadama tana bukatar bushewa kamar yadda take bukatar cika. Ruwan da ya zo ba kan kari ba ɓarna yake yi, ko da ya yi yawa. Saboda haka makomar shanun Fulani, da kifin Badawa, da tsuntsayen Dagona, tana hannun waɗanda ke buɗe ƙofofin Tiga da Chalawa, da irin lokacin da suka zaɓa su buɗe su.