Birin Cimfanzi: Inda Ya Rage a Nijeriya da Yadda Ake Kare Shi

Cimfanzi biri ne babba, baƙi, marar wutsiya, wanda masana suka ce ƙwayoyin halittarsa sun yi daidai da na ɗan Adam da kusan kashi 98 cikin 100. Daga cikin ire-irensa huɗu, wanda ake samu a Nijeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci. Wani ƙiyasi na shekarar 2011 ya nuna cewa waɗanda suka rage a daji tsakanin 3,500 ne zuwa 9,000. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Babbar mafakarsa a Nijeriya ita ce Gandun Dajin Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a ƙasar. Akwai wasu a tsaunukan Afi da Mbe na Jihar Kuros Riba.

A Kudu maso Yamma kuwa 'yan ƙalilan suka rage, a dazuzzukan Omo a Ogun, Idanre a Ondo da Ise a Ekiti. Daga wannan yanki ne fataken unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, suka daɗe suna sayo goro zuwa Arewa. Sare itatuwan katako da faɗaɗa gonakin koko sun daddatse waɗannan dazuzzuka, har garken birran suka rabu da juna.

Farauta ta fi yi masa illa saboda jinkirin haihuwarsa. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 13 zuwa 14, sannan ɗa ɗaya take haifa duk bayan shekara biyar ko shida. Mafarauci kuma ba ya samun jaririn da zai sayar sai ya kashe uwar.

Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta farautarsa da cinikinsa, haka ma yarjejeniyar CITES ta hana fataucinsa tsakanin ƙasashe. A Gashaka-Gumti, Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa na aiki da gidauniyar ANI wajen horar da masu gadi, yayin da ƙungiyar Pandrillus ke renon marayun da aka ƙwato a Kuros Riba. Duk wanda ya sayi jaririn cimfanzi ya taka doka, kuma kuɗinsa ne ke mayar da mafarauci daji.